BABI NA UKU: RUWAN GANYEN ITACE MAI ALLURA DA CUTAR SIKABI A TARIHIN ƘASASHEN SANYI

3.0 Gabatarwa

A wannan babi za a yi ƙoƙarin bin diddigin tarihin wani abin sha da mutanen ƙasashen sanyi suke haɗawa da ganyen itatuwan da ba sa kaɗe ganyensu da hunturu. A yau ana shansa ne a matsayin shayi, don ɗumama jiki da jin daɗin ƙamshinsa, amma a da can magani ne da rayukan mutane suka rataya a kansa. Za a fi mayar da hankali a kan abin da ya faru a ƙauyen Stadacona na ƙasar Kanada a hunturun 1535 zuwa 1536, domin shi ne labari mafi shahara da aka rubuta game da wannan magani, sannan a duba dalilin da ya sa ilimin ya kuɓuce wa Turawan da aka koya wa shi, har suka ci gaba da mutuwa a gindin itatuwan da za su iya warkar da su.

3.1 Itacen da Kuma Cutar

Itatuwan da ake magana a kansu su ne dangin fayin da sufurus da balsam, wato irin waɗanda Turawa suke yi wa ado a lokacin Kirsimeti. Ganyensu siriri ne kamar allura, yana da ƙamshin ƙaro, kuma yana nan kore shar ko da dusar ƙanƙara ta rufe ko'ina. Wannan shi ne sirrin muhimmancinsu, domin kuwa a arewacin Amurka da Rasha akan yi wata biyar ko shida babu wani ɗanyen tsiro da mutum zai kai bakinsa sai su.

Ita kuwa cutar sikabi, wadda za a iya kira ciwon ruɓewar dasashi, rashin bitamin C ne yake haddasa ta. Yawancin dabbobi suna ƙera wannan sinadari a jikinsu, amma ɗan'adam ba ya iyawa, tilas sai ya same shi daga abinci. Jiki yana buƙatarsa wajen haɗa wani abu da ake kira kolajin, wanda shi ne yake riƙe fata da jijiyoyin jini da dasashi. Idan mutum ya yi wata ɗaya zuwa uku ba ya samunsa, sai kasala ta kama shi, ƙafafu su kumbura, jini ya riƙa kwanciya a ƙarƙashin fata, dasashi ya yi laushi ya riƙa zubar da jini, haƙora su yi girgiɗi, tsofaffin raunuka su sake buɗewa. Daga nan sai mutuwa. Abin da zai hana duk wannan bai wuce miligiram 10 a rana ba. Cutar ba ta yi suna a ƙasar Hausa ba, kuma ba abin mamaki ba ne, ganin cewa ko a tsakiyar rani ba a rasa garin ƙwallon kuka da lemon tsami da goba da mangwaro. Waɗanda ta fi addaba a tarihi su ne ma'aikatan jiragen ruwa da sojoji da fursunoni, wato mutanen da suka dogara ga busasshen biskit da naman da aka adana da gishiri.

3.2 Hunturun Stadacona

A ranar 19 ga watan Mayu na 1535 Jacques Cartier ya tashi daga tashar Saint-Malo ta Faransa da jirage uku da mutane kimanin 110, bisa umarnin Sarki François na Ɗaya. Burinsu shi ne samun hanyar ruwa zuwa Asiya da kuma zinariya. Tare da su akwai wasu samari biyu 'yan asalin Kanada, Domagaya da Taignoagny, waɗanda Cartier ya ɗauke a tafiyarsa ta farko a 1534 ya kai su Faransa don su koyi Faransanci su zama tafintoci. Ana ɗaukarsu a matsayin 'ya'yan Donnacona, shugaban Stadacona, ƙauyen da yake a wurin da birnin Kebek yake a yau. Su ne suka nuna masa hanyar shiga Kogin Saint-Laurent.

Cartier ya isa Stadacona a watan Satumba, ya wuce gaba zuwa Hochelaga, inda birnin Montreal yake yanzu, a farkon Oktoba, ba da son ran Donnacona ba, sannan ya dawo ya ɗaure jiragensa a bakin wani ƙaramin kogi da ake kira Saint-Charles a yau. Tun daga nan zaman ya fara tsami, kowane ɓangare yana zargin ɗaya. Faransawan sun kafa shinge da bindigogi a gaban jiragensu. Sai dai abin da ba su yi wa shiri ba shi ne sanyi. Idan aka duba taswira, Kebek ta fi Saint-Malo kusa da kudu, don haka suka zaci hunturun ba zai fi na gida ba. Daga tsakiyar Nuwamba zuwa tsakiyar Afrilu jiragen suna daskare a cikin ƙanƙara, dusar ƙanƙara ta kai ƙafa 4 a tudu, har abin shan da ke cikin ganguna ya daskare.

A watan Disamba aka ji labarin cewa wata cuta ta ɓarke a Stadacona har ta kashe fiye da mutum 50. Cartier ya hana mutanen ƙauyen kusantar sansaninsa, a zatonsa cutar mai yaɗuwa ce. Hakan bai yi amfanin komai ba. Labarin tafiyar, wanda aka buga a Paris a 1545, ya bayyana alamomin dalla-dalla: ƙafafu suna kumbura su yi baƙi, ciwon ya hau zuwa cinya da kafaɗa da wuya, baki ya yi wari, naman dasashi ya zube har saiwar haƙori ta fito. Zuwa tsakiyar Fabrairu, daga cikin mutum 110 ba a sami 10 masu cikakkiyar lafiya ba. Da wani saurayi mai suna Philippe Rougemont, ɗan shekara 22, ya rasu, Cartier ya sa aka tsaga gawarsa ko za a gane abin da ke damunsu, amma ba su fahimci komai ba daga abin da suka gani. Sun yi addu'o'i irin na addininsu, shi kansa Cartier ya yi bakance zai kai ziyarar ibada Rocamadour idan ya koma gida da rai. Waɗanda suka mutu ba a iya haƙa musu kabari ba saboda taurin ƙasa, sai dai aka binne su a cikin dusar ƙanƙara. Mutum 25 ne suka rasu.

Wani abin lura a nan shi ne irin ƙoƙarin da Cartier ya yi na ɓoye halin da suke ciki. Yana tsoron kada mutanen Stadacona su gane raunin sansanin su kawo hari, don haka idan ya hango su sai ya sa marasa lafiyan su riƙa bugun katakon jirgi da sanduna da duwatsu daga ciki, don a zaci ana aikin gyara ne. Wato dai ya kwashe makonni yana ɓoye ciwonsa ga mutanen da suke da maganinsa, alhali kuwa Hausawa sun ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Mafita ta zo ne wata rana da yake tafiya a kan ƙanƙara ya haɗu da Domagaya yana tafe garau, bayan kwana 10 ko 12 da suka wuce ya gan shi da kumburarriyar gwiwa da ruɓaɓɓen dasashi. Ya tambaye shi yadda ya warke, shi kuma ya ce da ruwan ganyen wani itace ne. Ko a nan Cartier bai faɗi gaskiya ba. Cewa ya yi wani baransa ne ya kamu da cutar a lokacin da ya zauna a ƙauyensu, shi yake nema wa magani. Domagaya ya tura mata biyu tare da shi, suka karyo rassa 9 ko 10, suka nuna yadda ake yi: a daka ganyen da sassaƙen, a tafasa su a ruwa, a riƙa sha ana tsallake kwana ɗaya, sannan a ɗora ragowar ganyen da ya kwanta a tukunya a kan ƙafafun da suka kumbura. Sunan itacen a harshensu, kamar yadda Faransawan suka rubuta shi, annedda.

Da farko marasa lafiyan sun ƙi sha. Mutum ɗaya ko biyu ne suka yi ƙarfin hali, da aka ga sun sami sauƙi bayan sha biyu ko uku sai aka koma rububi, har aka cinye ganye da ɓawon wani babban itace ƙaf a cikin kamar mako guda. Marubucin labarin ya yi iƙirarin cewa har waɗanda suka daɗe da ciwon tunjere sun warke. Wannan dai zuzutawa ce irin ta wanda ya tsallake rijiya da baya, domin bitamin C ba ya maganin tunjere. Amma saurin warkewa daga sikabi abu ne da likitancin zamani ya tabbatar, domin mai wannan cuta yakan fara jin sauƙi a cikin 'yan kwanaki da zarar ya sami sinadarin.

Ya kamata a tsaya a kan matan nan biyu. Labarin bai kawo sunayensu ba, kuma yawancin littattafan tarihi Domagaya suke yabawa. To amma idan aka lura da kyau, shi Domagaya majinyaci ne da aka warkar, ya kuma yi tafinta. Waɗanda suka san itacen a daji, suka san ɓangaren da ake ɗiba da yadda ake haɗawa da yawan shan, su ne matan. Mai wannan nazari yana ganin cewa a hannunsu ainihin ilimin yake, kuma rashin kula da su yana daga cikin dalilan abin da ya biyo baya.

3.3 Yadda Maganin ya Ɓace

Sakayyar da mutanen Stadacona suka samu ita ce, a ranar 3 ga Mayu 1536 Cartier ya yaudari Donnacona da Domagaya da Taignoagny da wasu manyan ƙauyen zuwa wani biki, ya sa aka kama su. Bayan kwana uku ya tashi da su zuwa Faransa, yana so Donnacona ya shaida wa sarki da bakinsa labarin wata ƙasa mai arzikin zinariya da ake kira Saguenay. Ya bar jirgi ɗaya a can saboda ba shi da isassun mutanen da za su tuƙa shi. Mutum 10 ya tafi da su bisa alkawarin dawo da su bayan shekara guda. Babu ko ɗaya da ya sake ganin gida. Da ya koma Kanada a 1541 ya amsa cewa Donnacona ya mutu, amma ya ce sauran sun yi aure sun zama manyan mutane a Faransa, alhali ban da yarinya ɗaya duk sun rasu. Ba a daɗe ba zaman ya koma gaba da kai hare-hare.

Sakamakon haka ya fito fili nan da nan. A 1542 Roberval, wanda sarki ya ɗora a kan aikin kafa mazaunin Faransawa, ya iso da mutane kimanin 200. Ya haɗu da Cartier a Newfoundland yana hanyar komawa gida, ya umarce shi ya juya su koma tare, amma Cartier ya sulale da dare. A hunturun da ya biyo baya sikabi ta kashe wa Roberval kimanin mutum 50, a wurin da bai fi tafiyar 'yan sa'o'i daga Stadacona ba, shekara 7 kacal bayan abin da aka bayyana a sama.

Bayan shekara 60 abin ya sake maimaituwa. A tsibirin Sainte-Croix, a hunturun 1604 zuwa 1605, mutum 35 daga cikin 79 na ayarin Pierre Dugua de Mons suka mutu. A 1608 Samuel de Champlain ya kafa Kebek, a kusa da inda Stadacona take a da, kuma daga cikin mutum 28 da suka yi hunturun farko, 8 ne suka ga bazara, sauran sikabi da atuni suka kashe su. Champlain ya san labarin annedda, ya kuma nemi itacen, amma bai same shi ba. Dalili kuwa shi ne Stadacona da Hochelaga da mutanensu duk sun ɓace kafin zuwansa, masana suna danganta hakan da yaƙe-yaƙe da cututtukan da Turawa suka shigo da su. Mutanen da ya tarar, wato Innu da Algonkin, harshensu daban ne, kalmar annedda ba ta nufin komai a wurinsu. Ga shi kuma labarin Cartier bai siffanta itacen yadda za a gane shi ba. Ya bayyana ruɓewar dasashi da abin da aka gani a cikin gawa filla-filla, amma game da itacen bai faɗi siffar ganye ko launin ɓawo ko irin 'ya'yansa ba, sai girmansa kawai. Suna kaɗai ya rage, ba tare da masu sunan ba.

A Turai ma labarin bai yi tasirin da ya kamata ba, saboda likitocin wancan zamani suna danganta cutar da gurɓatacciyar iska da laima da gishiri da ma lalaci. Sai a 1747 James Lind, likitan jirgin yaƙin Ingila mai suna Salisbury, ya raba marasa lafiya 12 gida 6 ya gwada magunguna daban-daban, inda ya ga waɗanda aka ba lemon zaƙi da lemon tsami ne suka murmure. Ya buga littafinsa a 1753, amma sai a 1795 rundunar ruwan Ingila ta fara raba ruwan lemo a kai a kai, wato shekara 259 bayan Stadacona. A tsakanin nan ganyen allura bai ɓace gaba ɗaya ba, sai dai ya canza kama ya koma wata giya da ake dafawa da rassan sufurus da ruwan rake, wadda sojojin Ingila a arewacin Amurka suka riƙa sha a ƙarni na 18. Doguwar dahuwa da ajiya suna rage bitamin C ƙwarai, don haka amfaninta bai kai na ɗanyen haɗin ba.

3.4 Wane Itace ne Annedda?

Masana sun daɗe suna muhawara a kan wannan. A 1954 Jacques Rousseau, masanin tsirrai ɗan Kebek, ya tafi a kan cewa itacen da ake kira Thuja occidentalis ne, kuma wannan ra'ayi ya daɗe yana rinjaye. Ɗaya daga cikin hujjojin shi ne an kai wannan itace Faransa tun a ƙarni na 16, aka kuma laƙaba masa sunan da ke nufin itacen rayuwa. A 2009 masanin tarihi Jacques Mathieu ya fitar da littafi sukutum a kan annedda inda ya rinjayar da itacen balsam, wato Abies balsamea, wanda al'ummomin yankin suka daɗe suna amfani da shi da ƙaronsa wajen magani. Wasu kuma sun ambaci sufurus da farin fayin. Ta fuskar sikabi saɓanin ba shi da nauyi sosai, tun da dukkansu suna ɗauke da bitamin C a ganyensu, kuma a nan ne abin takaicin yake: kusan duk koren reshen da mutanen Champlain za su karya a bayan shingensu zai iya taimakonsu. Ta fuskar lafiyar mai sha kuwa akwai bambanci. Thuja yana ɗauke da sinadarin tujon mai cutarwa idan ya yi yawa, itacen Taxus mai kama da balsam guba ne mai kisa, wani nau'in fayin na yammacin Amurka kuma an san yana sa shanu ɓari. Wannan ne ya sa masu haɗa shayin a yau suke fara koyon tantance itacen, suke kuma hana mata masu ciki sha.

3.5 Leningrad da Kolyma

Sai a ƙarni na 20 aka gane dalilin da ya sa maganin yake aiki. A 1907 Axel Holst da Theodor Frølich na ƙasar Norway suka nuna cewa ana iya haddasa cutar a jikin ɓeran masar ta hanyar abinci, a kuma warkar da ita ta hanyar abinci. A 1932 aka tabbatar da sinadarin kansa ta ayyukan Albert Szent-Györgyi da Charles Glen King. An kuma gane cewa zafi da iska suna lalata shi, tsami kuwa yana kare shi.

Ba a yi shekara 10 ba aka jarraba wannan ilimi a babban sikeli. A ranar 8 ga Satumba 1941 sojojin Jamus suka rufe hanyar ƙasa ta ƙarshe zuwa birnin Leningrad, ƙawanyar da ta ɗauki kwana 872, har zuwa 27 ga Janairu 1944. A ƙarshen Nuwamba 1941 rabon burodin wanda ba ma'aikaci ba ya sauka zuwa giram 125 a rana. Masanan cibiyar binciken bitamin da ke birnin, cikinsu har da Alexei Bezzubov, suka ba da shawarar a koma ga ganyen fayin, hukumar birnin kuma ta mayar da shi doka a cikin watan. Aka riƙa tura ƙungiyoyi, akasarinsu mata masu fama da yunwa su ma, zuwa dazuzzukan bayan gari suna yanko rassa suna jawowa a kan ƙanƙara. Hanyar haɗawar ta bambanta da ta Stadacona, domin a nan jiƙo ake yi maimakon dahuwa: a wanke ganyen, a yayyanka ko a murƙushe shi, a jiƙa a ruwa mai ɗan tsami na 'yan sa'o'i, a tace. Ana raba shi a masana'antu da asibitoci da makarantu da sansanonin soja, kimanin rabin kofi zuwa kofi ɗaya a rana. Ruwan ganye ba ya maganin yunwa, kuma dubban ɗaruruwan mutane sun mutu a birnin saboda ita. Sikabi ma ta bayyana a bazarar 1942, amma jiƙon yana cikin abubuwan da suka taƙaita ta.

A daidai wannan zamani, a can gabashin ƙasar, ana tilasta wa fursunonin sansanonin Kolyma shan wani haɗi na ganyen gajeren fayin da ke tsiro a duwatsun yankin. Marubuci Varlam Shalamov, wanda ya shafe fiye da shekara 10 a can, ya kawo batun a labaransa. A can dafa ganyen ake yi a manyan tukwane har ya koma wani ruwa mai kauri da ɗacin gaske, kuma ba a ba fursuna abinci sai ya shanye rabonsa. Masu tsinko ganyen su ne fursunonin da ƙarfinsu ya ƙare har ba sa iya aikin haƙar zinariya, kuma bisa shaidar Shalamov, sikabi ta ci gaba da cin mutane a sansanonin duk da wannan haɗi da suke sha kullum.